Lita Ɗaya, Kilomita Nawa? Lissafin Babur a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Wanda ya tsaya bakin hanya a Jabo da sassafe zai iya ƙirga ma'aikatan yankin ba tare da ya leƙa ofishi ko ɗaya ba. Malamin firamare zai wuce da jakar littattafai a rataye. Ma'aikacin lafiya zai biyo baya da akwatin sanyi na allurar rigakafi ɗaure a bayansa. Manomi zai zo da buhun taki a kan tanki, ɗan kabu-kabu kuma da mai juna biyu za ta awo. Kusan dukkansu a kan babur suke. A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kamar sauran karkarar kudancin jihar Sakkwato, babur ne ke kai malami aji, ya kai amfanin gona kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Tambayar farko da mai sayen babur ke yi a yau ita ce: yana shan mai? Amsar tana da daɗi, kuma gaskiya ce. Ƙaramin babur shi ne abin hawa mai inji mafi tsimin fetur da mutum ɗaya zai iya mallaka a wannan yanki. Sai dai tambayar ta yi ƙunci. Babur bakuna huɗu gare shi, tanki ɗaya ne kawai daga ciki. Sauran ukun su ne kuɗin sayensa da gyaransa, jikin mai hawansa, da dokar da kan iya tsayar da shi dare ɗaya. Ma'aikacin da ya tsaya ga lissafin lita zai yi mamakin inda albashinsa ke zurarewa, gwamnatin da ta tsaya ga kallon babur a matsayin kyautar siyasa ko kayan 'yan bindiga kuwa za ta ci gaba da cutar da waɗanda ba su da wani abin hawa.

Ranar da lita ta zama abin awo

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare, farashin hukuma na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500 a jihohin Arewa. A watan Yulin wannan shekara ya kai naira 617 a Abuja, a Oktoban 2024 kuma naira 1,030 a gidajen man NNPC na birnin. Matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, farashi ya ɗan sassauta a 2025, amma bai kusanci inda ya fito ba. Ga Sakkwato akwai ƙarin nauyi: man yana tasowa ne daga bakin teku a cikin tanka, tafiyar kimanin kilomita dubu, kuma tsarin da a da ke biyan kuɗin dakonsa domin a daidaita farashi a faɗin ƙasa ya tafi tare da tallafin. Nisa ya shiga cikin farashi.

Ana iya ganin tasirin wannan da ɗan ƙaramin lissafi. A ɗauka malami ne da ke zaune a Jabo, makarantarsa tana kilomita 15 daga gida. Zuwa da dawowa kilomita 30 ke nan, a kwanakin aiki 22 kuma kilomita 660 a wata. Ƙananan babura masu injin cc 100 zuwa 125 sukan yi tsakanin kilomita 40 da 60 da lita ɗaya, gwargwadon lafiyarsu da hanyar da suke bi; a ɗauki 50. Tsohuwar mota irin wadda ma'aikaci ke iya saye takan yi wajen kilomita 10. Idan lita tana naira 1,000, babur zai sha man naira 13,200 a wata, mota kuma na naira 66,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne.

A mayar da lissafin baya zuwa lokacin da lita ke naira 200. Motar nan a lokacin man naira 13,200 take sha a wata. Wato mai babur na yau yana biyan abin da mai mota ke biya jiya, kobo da kobo. Wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa motoci da yawa suka koma ƙarƙashin rumfa an lulluɓe su, masu su kuma, har da manyan ma'aikata, suka koma kan ƙafa biyu. Ya kuma bayyana wani abu da ba a cika faɗa ba: wanda dama a kan babur yake ba shi da matakin da zai sauko, sai keke ko ƙafa.

Dalilin da ya sa ba ya shan mai

Tsimin babur ba sihiri ba ne. Nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai ne, idan aka haɗa da mahayi bai kai kilo 200 ba. Motar da ke ɗauke da mutum ɗaya tana jan fiye da tan ɗaya na ƙarfe domin ta kai shi wurin aiki. Duk tashi daga tsaye, duk hawan tudu, duk rage gudu saboda rami a sake takawa, mai ake ƙonawa gwargwadon nauyin da ake motsawa. A hanyar ƙauye, inda ba a tafiyar minti biyu ba a taɓa birki ba, wannan bambanci yana ƙara faɗi.

Akwai kuma sauyin da aka samu a irin injin. Tsofaffin Suzuki da Yamaha da Jincheng da suka cika hanyoyin Arewa a shekarun baya, da yawansu inji mai bugu biyu gare su. Irin wannan inji yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi, kuma wani ɓangare na fetur ɗin yakan fice ta salansa bai ƙone ba. Inji mai bugu huɗu yana da bawul da ke rufe ƙofa kafin a kunna wuta, don haka asararsa kaɗan ce. Honda ta gina sunanta a kan wannan tun da ta fito da Super Cub a 1958, babur ɗin da yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. A Najeriya kuwa, Boxer na kamfanin Bajaj da ke Pune a Indiya shi ne ya mamaye kasuwar haya tun daga shekarun 2000, har ƙasar ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kamfanin a waje. 'Yan kabu-kabu ba su karanta takardar injiniya ba kafin su koma Boksa. Aljihunsu ne ya gaya musu.

Amma alƙalumman da kamfani ke bugawa a takardar talla an auna su ne a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da mahayi ɗaya, da tsabtataccen mai. Ƙasar Tambuwal da Kebbe tana da nata hukuncin. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, inji ya riƙa shaƙar mai fiye da iska. Rairayi da laka sukan tilasta tafiya a ƙaramar giya, inji yana ihu ƙafa ba ta sauri. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, yana gajiyar da injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, ya tsinke baƙin mai da wuri. Taya mai ƙarancin iska da busasshiyar sarƙa kowannensu yana satar nasa rabon. Sannan wanda ke nesa da gidan mai a kwalba yake saye wajen 'yan bumburutu, a farashin da ya ɗara na famfo, da ma'aunin da babu mai tantance shi. Babur guda na iya yin kilomita 55 da lita a watan Nuwamba a kan kwalta, ya kasa yin 35 a watan Agusta a hanyar fadama.

Magajin jaki

Kwatanta babur da mota lissafin birni ne. A ƙauyukan da ke kewaye da Jabo, yawancin masu babur ba su taɓa zaɓa tsakaninsa da mota ba. Abin da babur ya gada a nan shi ne aikin jaki da keke da ƙafa. Jaki ke kai taki gona, ya ɗauko dawa da gero, ya kai albasa bakin hanya. Babur ya karɓi wannan aiki ya yi shi cikin rabin sa'a maimakon rabin yini, ya ƙara da abin da jaki bai taɓa iyawa ba, wato kai marar lafiya asibitin Tambuwal kafin gari ya waye.

Sai dai akwai abin da aka bayar a musayar. Jaki yana cin kara da harawa da dusa, abubuwan da gona ke bayarwa. Babur tsabar kuɗi yake ci, kuma kusan duk abin da ke jikinsa daga waje ya zo ko da kuɗin waje aka sayo shi. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, farashin fulogi da taya da zoben fistin a rumfar bakanike ya bi ta. Manomin da bai taɓa riƙe dala ba ya wayi gari farashinta yana yanke masa ko zai je kasuwa. Wannan bai zama dalilin komawa kan jaki ba. Dalili ne na sanin cewa abin hawan da ya ba ƙauye sauri ya kuma ɗaure shi da igiyar da wani ke riƙe da ƙarshenta.

Bakin da ba a gani a gidan mai

Sabon babur irin na haya ya haura naira miliyan ɗaya. A ɗauka malamin nan ya saya a kan naira 1,200,000, ya hau shekara huɗu, ya sayar a kan abin da ya yi daidai da naira 400,000 a kuɗin yau. Babur ya cinye naira 800,000 a cikin wata 48, kusan naira 16,700 a kowane wata. A ƙara, a ƙiyasi mai sauƙi, naira 5,000 ta juyen baƙin mai da faci da sarƙa da birki. Jimlar ta kusa naira 35,000 a wata, rabin mafi ƙarancin albashi, kuma fetur bai kai kashi biyu cikin biyar na wannan ba. Kowa na iya canza alƙalumman da nasa, amma siffar lissafin ba za ta canza sosai ba: ga mai ɗan gajeren zuwa aiki, tsufan babur ya fi mansa tsada.

Hauhawar farashi tana ɓoye wannan asara. Mutum zai sayi babur, ya hau shekara uku, ya sayar da shi a kan kuɗin da ya saya ko fiye, ya ce ya hau kyauta. Ranar da ya je sayen sabo zai ga cewa kuɗin da ke hannunsa bai kai rabi ba. Man fetur kullum ake biyansa, shi ya sa ake jin zafinsa. Tsufan inji kuwa shiru yake tarawa, ya zo karɓar bashinsa rana ɗaya.

Daga nan ake fahimtar halaye biyu da ake yawan zargin mahaya da su. Na farko, ma'aikacin da ke fita kabu-kabu bayan la'asar. Tun da babur yana tsufa ko an hau ko an jingine, kowace kilomita da ta kawo kuɗi tana rage nauyin sayensa. Na biyu, lodi. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki fasinja biyu maimakon ɗaya ya kusa ninka kuɗin shigarsa, man da ya ƙara ƙonawa kuwa kaɗan ne. Idan babur ɗin na wani ne kuma akwai balas da zai kai da yamma, ko na bashi ne da ake biya mako-mako, wa'azi kaɗai ba zai sauke fasinja na biyu ba. Abin da lissafinsa bai nuna masa ba shi ne cewa birki da taya da ƙashin babur an yi su ne domin mutum biyu, kuma abin da ya samu yau zai mayar wa bakanike gobe, idan an yi sa'a bakanike ne ba mai ɗori ba.

Inda babur ke shan kaye

Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kusan kilomita 100 daga babban birnin jiha. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da yawa suna da abin da ke kai su Sakkwato, wasu kuma sukan kama hanya da babur da sunan tsimi. A nan lissafin ke juyewa.

Dalili na farko iska ce. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkin gudun a kan kansa take bi. Wanda ya tashi daga kilomita 50 a sa'a zuwa 80 ya ƙara gudu da kashi 60 cikin ɗari, amma iskar da ke dukan ƙirjinsa ta ninka fiye da sau biyu da rabi. Mahayi a zaune tsaye, babbar riga tana kaɗawa, kamar tabarma ce aka miƙa wa iska. Ƙaramin inji da aka matse har ƙarshe tsawon sa'a biyu yana shan mai fiye da ƙa'idarsa, yana kuma cin kansa.

Dalili na biyu shi ne rabo. A ɗauka babur ya yi kilomita 40 da lita a irin wannan gudu: zuwa da dawowa lita 5 ke nan domin mutum ɗaya. Motar haya da ke yin kilomita 10 da lita za ta sha lita 20, amma idan mutum shida ta ɗauka, rabon kowa bai kai lita uku da rabi ba. Bas mai kujera 18 ta fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Babur ya fi mota tsimi ne idan motar mutum ɗaya ta ɗauka. Cikakkiyar mota ta fi shi, kuma fasinjanta yana isa ba ƙura a ido, ba ya gogayya da tirela a kafaɗar hanya.

Ƙarfin babur yana inda motar haya ba ta zuwa, ko take zuwa ranar kasuwa kaɗai, ko sai ta cika take tashi: daga gida zuwa makarantar ƙauye, daga gona zuwa bakin kwalta, daga Kuchi ko Margai zuwa garin Kebbe. A tafiyar kilomita 5 zuwa 25 a hanyar burji, babu abin da ya kama ƙafarsa, a kuɗi ko a lokaci. Hikimar ita ce a haɗa biyun, babur ya kai mutum tasha, mota ta kai shi birni.

Jikin mahayi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke da mafi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta kuma ce hular kwano mai inganci, idan an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, ta rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular ranar 1 ga Janairun 2009. A makonnin farko an ga mahaya a Kano da ƙwarya a ka domin su wuce jami'ai. An yi dariya, dokar kuma ta yi sanyi.

Uzurin da ake bayarwa ba na banza ba ne. Hular tana da zafi a bazarar Sakkwato, ba ta zama a kan hula ko rawani, mai kyau tana da tsada, kuma fasinja ba ya son sa abin da kan wani ya jiƙa. Amma a sa wannan a ma'auni ɗaya da abin da ke ɗaya gefen. Wanda ya bugu a ka a wata hanyar Kebbe, idan raunin na tiyata ne, sai an kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Karaya ɗaya a cinya tana iya cinye duk tsimin man da aka yi a shekara biyu, ban da watannin da za a yi a kwance ba aiki. Kuɗin hula bai kai na man wata biyu ba. Mutumin da ke auna fetur da kwalba domin kada ya yi asarar naira ɗari, ya kuma hau hanya da kai a buɗe, ya tsare ƙofa ne ya bar katanga a rushe.

Dokar da ke faɗa wa mai gaskiya

Baki na huɗu ya fi sauran wuyar magana, domin akwai jini a cikinsa. Abin da ya sa babur ya dace da malami, wato araha da shiga kowane lungu, shi ya sa ya dace da ɗan bindiga. Ƙauyukan gabashin Sakkwato sun san ma'anar ƙarar babura da yawa cikin dare, wasu ƙauyukan Kebbe, da ke iyaka da Zamfara, su ma sun ɗanɗana. Duk wanda ya raina damuwar hukumomin tsaro a kan babur bai yi wa waɗanda aka kashe adalci ba.

Matakan da aka ɗauka sanannu ne. A Mayun 2019 rundunar soja ta haramta hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ta fitar da dokar da ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare da sayar da fetur a jarka, kamar yadda Zamfara da Katsina suka yi a daidai lokacin. Kaduna ta hana babur gaba ɗaya na wata uku. A Yulin 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce tana duba yiwuwar haramta shi a duk ƙasa, sannan maganar ta mutu.

Abin tambaya shi ne wa dokar ke kamawa. Ɗan bindigar da ke cikin daji ba ya bin shingen bincike, kuma mai kai masa mai ya riga ya sa kuɗin kasada a cikin farashi. Wanda ke tsayawa a shinge shi ne ma'aikacin asibiti da manomi da mijin mai naƙuda. Jamhuriyar Nijar ta haramta babura a yankin Tillaberi daga Janairun 2020, hare-hare ba su tsaya ba, kasuwannin ƙauye kuwa suka ji jiki. Kano ta hana acaba a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, birnin ya jure saboda akwai kwalta kuma adaidaita sahu ta cike gurbin. Adaidaita ba ta ratsa rairayi, ba ta haura kwazazzabo. Dokar da birni ke iya haɗiyewa, a ƙauye rufe makaranta ce da asibiti ba tare da an ambaci sunansu ba. Taƙaitawa ta ɗan lokaci a wurin da ake artabu tana da hujja. Haramci na bai-ɗaya da ba a sa masa ranar ƙarewa ba haraji ne a kan marasa laifi.

Abin da ke hannun kowa

Mahayi yana da abin yi tun kafin gwamnati ta motsa. Ya fara da awo: ya cika tanki, ya rubuta lambar da agogon tafiya ke nunawa, ko ya auna nisan hanyarsa da wayarsa idan agogon ya mutu, ya sake cikawa bayan mako, ya raba. Ranar da adadin ya faɗi, akwai abin da ya lalace, kuma sau da yawa matatar iska ce ko iskar taya ko fulogi, abubuwan da gyaransu bai kai kuɗin lita biyu ba. Ya riƙe gudu tsakanin 50 da 60. Ya juye baƙin mai a kan lokaci, musamman a bazara. Ya ware wani abu duk wata, ko a adashi ne, da sunan babur na gaba, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ya sayi hular kwano ranar da ya sayi babur, a cikin kuɗin babur.

Hukuma kuwa ta fara da hanya. Kwalbati ɗaya a mashigar ruwa da burji mai kyau na kilomita goma suna rage man kowane babur da ke bin wurin, kowace rana, fiye da duk wani rabon tallafi. Sakkwato tana cikin jihohin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, kuma wakilan Tambuwal da Kebbe suna da haƙƙin tambayar waɗanne hanyoyinsu ke cikin jeri da ranar gama su. Rabon babura a taron siyasa ya kamata ya koma bashi mai sauƙi da ake cira daga albashi ga malamai da ma'aikatan lafiya da aka tura ƙauye, da hula da rajista a haɗe, domin a san wanda ya samu da dalilin samunsa. Rajista mai araha a matakin ƙaramar hukuma, tare da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da masu unguwanni, ita ce hanyar bambanta babur ɗin malami da na ɓarawo ba tare da an tsayar da duka biyun ba. Kanikawan bakin hanya, waɗanda a hannunsu tsimin man yankin gaba ɗaya yake, sun cancanci horo da kayan awo.

Ana maganar babur mai lantarki, kuma maganar tana da tushe: Ruwanda ta daina yi wa sabbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025, kamfanonin musayar batir kuma sun fara aiki a wasu biranen Najeriya. Rana ba ta yi wa Sakkwato rowa ba. Amma babur mai batir yana buƙatar wurin caji da ba ya yankewa da bakaniken da ya san cikinsa, kuma ƙauyen da ke kai waya shago domin caji bai kai nan ba tukuna. Idan zai zo, ta tashoshin hasken rana a manyan garuruwa irin su Tambuwal da Dogon Daji zai shigo, kuma zai zo da nasa bakunan da za a ƙirga.

Kafin nan, Boksa da 'yan uwansa ne za su ci gaba da fita daga Jabo kowace safiya. Mai saye zai ci gaba da tambaya ko yana shan mai, kuma ya kyauta da ya tambaya. Abin da ya rage shi ne ya ƙara da sauran ukun kafin ya ƙirga kuɗi: shekara nawa zai yi kafin a nemi wani, wace hanya za a bi da shi da wadda za a bar wa mota, da abin da zai faru da gidan idan wata rana babur ɗin ko mai shi ya kwanta.